Gwaji Yakan Zo da Jaraba a Goye

Karatu: Yakubu 1:2-18

Gaisuwa ta musamman ga iyalan da ke nan cikin garin Gombe, daga Herwagana zuwa Bolari, Tudun Wada, Jekadafari da Pantami, da kuma 'yan'uwa na Kaltungo, Billiri, Tula, Talasse, Cham, Bambam da Zambuk. Wani da Tangale yake addu'a a ɗakinsa, wani da Waja, wani da Tera ko Dadiya, amma Maganar Allah ɗaya ce, Hausa kuwa ta tara mu a gindinta. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe wasiƙar Yakubu sura ta 1, a ba yaro mai karatu ya karanta wa kowa daga aya 2 zuwa 18, sa'an nan mu ci gaba.

To, kun ji abin da aka karanta. Ko gama gaisuwa Yakubu bai yi sosai ba, sai ya ce wa masu bi su lasafta gwaje-gwajen da ke auko musu cikin abubuwan murna. Wannan magana tana da wuyar haɗiya. Mun san masu bi na ƙwarai waɗanda in sun iso wannan aya sukan yi sauri su wuce ta. Uwar da ta binne ɗanta jiya, magidancin da ya yi wata uku ba albashi, yarinyar da ta gama makaranta shekara biyar ba aiki ba miji, za ka dube su ka ce su yi murna? Ba mu ga laifin mai wannan tambaya ba. Laifin yana wurin mai wa'azin da zai jefa wa mutane ayar kamar dutse, ya naɗe littafinsa ya tafi.

Wane ne mai maganar?

Kafin a auna magana, a kan dubi bakin da ta fito. Wannan Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ne, gida ɗaya suka tashi a Nazarat. Yohanna 7:5 ta nuna mana cewa a kwanakin hidimar Yesu, 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Sai bayan tashinsa daga matattu, da ya bayyana ga Yakubu (1 Korantiyawa 15:7), mutumin ya juya, har ya zama shugaban ikilisiyar Urushalima. Masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya rubuta cewa an jajjefe shi da duwatsu a Urushalima wajen shekara ta 62. Saboda haka ba mai zaman inuwa ba ne ke koya wa na rana haƙuri.

Waɗanda ya rubuta wa kuma, warwatsattsu ne. Ayyukan Manzanni 8:1 da 11:19 sun ba da labarin yadda tsanani ya tashi bayan kisan Istifanas, masu bi suka watse, wasu har Finikiya da Kubrus da Antakiya. Ga yunwa da ta faɗo a zamanin sarki Kalaudiyas. A cikin wasiƙar kanta muna jin labarin 'yan ƙodago da aka hana su ladan girbinsu (5:4), da matalauta da masu kuɗi ke jansu zuwa kotu (2:6). Mu mutanen Gombe ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2014, da Gwoza da Michika da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, mun ga 'yan'uwa sun iso garin nan da kayan jikinsu kaɗai, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu ko uku. Irin waɗannan mutane ne suka fara jin wannan wasiƙa.

Kalma ɗaya, fuska biyu

Ku saurara da kyau a nan, domin wannan ne gindin zancenmu. A cikin Helenanci, harshen da aka rubuta wasiƙar da shi, kalmar da aka fassara "gwaji" a aya 2 da wadda aka fassara "jaraba" a aya 13 tushensu ɗaya ne. Ko a Hausa ma, jarrabawa da jaraba 'yan gida ɗaya ne. Malamin makaranta yakan ba da jarrabawa domin yana so ɗalibi ya ci ya hau gaba. Mai jaraba kuwa burinsa ka faɗi. Abin lura shi ne, sau da yawa su biyun rana ɗaya suke zuwa, ta ƙofa ɗaya. Gwajin yana tsaye a waje inda kowa ke ganinsa: ciwo, rashi, talauci, tsanani. Jarabar tana goye a bayansa, an lulluɓe ta da zane, ba a ganinta sai ta sauka a cikin zuciya.

Ku dubi Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan cikin bauta da kurkuku. Wannan gwaji ne. Amma a tsakiyar gwajin matar Fotifar ta miƙo masa hanya mai sauƙi, kuma wa zai gani? Yaro ne baƙo, ba uwa ba uba a ƙasar. Daga baya kuma, da mulki ya zo hannunsa, 'yan'uwan nan suka durƙusa a gabansa suna neman hatsi, sai ga jaraba ta biyu wadda ta fi ta farko: ramuwa. Gwajin bai zaɓa ba, ya faɗo masa ne. Jarabar kuwa, amsarta a bakinsa take.

Shi ya sa Yakubu ya ja kunnenmu a aya 13 kada kowa ya ɗora wa Allah jarabarsa. Allah yakan gwada bayinsa, kamar yadda ya gwada Ibrahim a Farawa 22, amma ba ya jan kowa zuwa zunubi. Abin da ke jan mutum yana cikinsa. Masunta a madatsar ruwa ta Dadin Kowa sun san wannan darasi. Ƙugiya kaɗai ba ta kama kifi. Sai an sa mata tana. Kifin kuma ba tilasta masa ake yi ba, kwaɗayinsa ke kai shi. Haka Yakubu ya kwatanta: sha'awa ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wahala takan girgiza bango, gaskiya ne, amma sau da yawa tsagar tana nan tun kafin wahalar ta zo, fenti ne ya rufe ta.

Wace irin murna?

Yakubu bai ce mu ji daɗi ba. Ya ce mu lasafta. Maganar lissafi ce, irin ta 'yan kasuwa. Kowace mai sayar da kayan miya ta san cewa da yamma akwai gefen riba, akwai gefen asara, kuma ita ce ke yanke inda kowane abu zai shiga. Manomi a Kumo ko Deba yakan ɗebi hatsi mai kyau daga rumbu a farkon damina, lokacin da abinci ya yi ƙaranci a gida, ya kai gona ya binne a ƙasa. Yaro ƙarami zai ce Baba ya zubar da abincinmu. Baban kuwa bai rubuta shi a gefen asara ba, ko da yake cikinsa na kukan yunwa, gama ya san abin da ƙasa za ta yi da shi. Murnar da ake magana a kai daga sani take fitowa, aya 3 ta faɗa: mun san abin da gwajin bangaskiya ke haifarwa.

Don haka kada kowa ya hana mai makoki kuka da sunan bangaskiya. Mun sha ganin wannan a gidajen rasuwa: gwauruwa tana hawaye, wata ta matso ta ce mata, "Haba Mama, ke fa mai bi ce." To, Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar. A Getsamani ya gaya wa almajiransa cewa baƙin ciki ya kusa kashe shi. Zabura 13 da Zabura 88 cike suke da kuka, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai ji kunyar sa su cikin Littafi ba. Wasiƙar Ibraniyawa 12:2 ta ce ya jure gicciye ne saboda farin cikin da ke gabansa. Gicciyen bai zama mai daɗi ba. Abin da ke bayansa ne ya hango. Manzanni da aka yi musu bulala a gaban majalisa sun fita suna murna (Ayyukan Manzanni 5:41), amma bayansu na zub da jini. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu na cikin turu. Hawaye da wannan murna suna iya zama kan tabarma ɗaya.

Bari mu ɗan ratse mu faɗi wani abu da ke damunmu. Akwai koyarwar da ta cika gari yanzu, a majami'u da talabijin da wayoyin hannu, mai cewa mai bi na gaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, in kuwa ya sha wuya to bangaskiyarsa ce ta gaza, ko bai "shuka iri" a hannun bawan Allah ba. Wannan koyarwa tana ƙara wa mai kaya kaya. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune tare da shi ba su ce uffan ba, kuma a nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai Allah ya husata da su (Ayuba 42:7). Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri (2 Korantiyawa 12). Wa zai ce Bulus bai shuka iri ba?

Jimiri

Abin da gwaji ke haifarwa, in ji Yakubu, shi ne jimiri. Kalmar a asalinta tana nufin tsayawa a ƙarƙashin kaya. Ku je kasuwar Tudun Hatsi ku ga 'yan dako suna sauke buhunan masara da wake daga mota. Sabon yaro in aka aza masa buhu sai ƙafafunsa su yi rawa. Wanda ya shekara biyar a aikin yakan ɗauka ya hau katako da shi yana hira. Ba buhun ne ya rage nauyi ba, wuyan ne ya yi ƙwari, kuma ba a samun wannan ƙwari ta wurin kallo.

Jimiri ya bambanta da haƙurin "ya za a yi". Akwai wanda ke haƙuri don ba shi da mafita, zuciyarsa kuwa cike da ɗaci, yana jiran ranarsa. Akwai kuma wanda ya tsaya domin ya amince da Wanda ya bar kayan ya hau kansa. A ido su biyun ɗaya ne, amma ƙarshensu dabam. Bulus ya jera matakan a Romawa 5:3-5, daga wahala zuwa jimiri, daga jimiri zuwa tabbataccen hali, daga nan zuwa bege. Bitrus kuma ya kwatanta shi da zinariya a cikin wuta (1 Bitrus 1:7). Mu da ba mu saba da zinariya ba, mu tuna da tukunyar ƙasa. Wadda ba a gasa ba tana da kyan gani, amma zuba mata ruwa ka ga yadda za ta koma laka.

Bisharar da ta iso gidajenmu ma ta wannan hanya ta biyo. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar nan ta arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da kyar. Ya sāke gwadawa a 1900, ciwo ya sāke kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. A 1917 John Hall da Gordon Beacham suka iso Kaltungo, shekara 24 bayan saukar samarin nan. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Da a ce an yi lissafi a ƙarshen 1894, kabari biyu ne da mutum ɗaya marar lafiya, ba ko mai tuba ɗaya. Kakanninmu na farko da suka karɓi Maganar su ma sun ɗauki nasu kayan: wasu dangi sun juya musu baya don sun ƙi tsafin gida. A kan wuyansu muke tsaye yau.

Sai dai a kula, kada a karkatar da wannan koyarwa. Jimiri ba ya nufin ka ƙi zuwa asibiti. Ba ya nufin matar da miji ke dukanta ta rufe baki har a ɗauko gawarta. Ta gaya wa dattawan ikilisiya da iyayenta, in ta kama a kai ga hukuma a kai, dattawan kuma kada su sallame ta da "ki yi haƙuri" kawai. Yesu ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a gaban masu shirin yi masa bulala (Ayyukan Manzanni 22:25). Haka kuma ba kowace wuya ce gwajin bangaskiya ba. Wanda ya ci kuɗin ofis aka kama shi, kada ya ce ana tsananta masa don shi Kirista ne. Bitrus ya riga ya raba wannan gardama a 1 Bitrus 4:15. Abin da ke gabansa tuba ne da mayar da kayan mutane.

Abin da ke goye

Yanzu mu kwance zanen mu ga jarabobin da gwaje-gwajenmu suka saba goyowa.

Ciwo mai daɗewa yakan goyo boka. Yaro ya kwanta wata huɗu, an je asibiti, an yi addu'a, ba sauƙi. Sai saƙo ya zo daga ƙauye: a kawo shi gida a duba, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Wanda ya aiko saƙon ba maƙiyi ba ne, kawu ne ko goggo, da ƙauna suke yi, shi ya sa ƙin amsawa ke da wuya. In kuwa aka je, ba a nan abin yake tsayawa ba. Sai an nemo wanda "ya kama" yaron, kuma kusan kullum tsohuwa ce marar gata ko maraya ake nunawa. Ciwo ɗaya ya shigo gida, ya fita ya bar gaba ta shekara ashirin.

Tsadar rayuwa takan goyo ha'inci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota da na mudu suka tashi. A nan ne mai awo zai ji murya tana ce masa ya ɗan bubbuge gindin mudu, ma'aikaci ya riƙe fayil sai an "ga" shi, ma'ajin ikilisiya ya ranci baiko da niyyar mayarwa. Rashin aiki kuma yakan goyo wa samarinmu ƙwaya da shiga 'yan Kalare, a ba yaro kuɗin kashewa na kwana biyu da adda, ya sayar da ransa saboda zaɓen wani.

Amma wadda ta fi nauyi a garin nan, mu faɗi gaskiya, ita ce wadda tsanani ke goyowa. Ba mu manta ba. A watan Maris 2007 aka kashe wata malama mai bi, Christiana Oluwasesin, a makarantar sakandare ta Gandu. Ranar 5 ga Janairu 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a majami'ar Deeper Life ana cikin sujada, mutane suka mutu, har da matar faston. Ranar 1 ga Janairu 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a ƙofar wata majami'ar ECWA. Waɗannan gwaje-gwaje ne masu zafi, ba kuwa za mu rage musu nauyi ba. Jarabar da suka goyo ita ce mu ɗauki kowane maƙwabci Musulmi a matsayin maƙiyi, mu koya wa 'ya'yanmu ƙiyayya tare da addu'ar cin abinci.

Wanda ke zaune a unguwa irin Herwagana, inda katanga ɗaya ta raba gidan mai zuwa majami'a da na mai zuwa masallaci, ya san wannan ƙarya ce. Ranar 16 ga Yuli 2015 bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane na cefanen Sallah, kusan mutum 50 suka mutu. Bam ɗin bai tambayi sunan kowa ba. Ambaliyar Agusta 2004 ma da ta ci gidaje da rayuka a garin nan ba ta tambaya ba, kuma hannun da ya miƙo don ya ciro wani daga ruwa bai tsaya tambaya ba.

Akwai abu guda da ya fi waɗannan wuyar faɗa, amma in muka tsallake shi ba mu yi wa Maganar adalci ba. A daren Ista na Afrilu 2019, mota ta kutsa cikin jerin gwanon yaran Boys' Brigade a nan Gombe. Yara suka mutu, da dama suka ji rauni. 'Ya'yanmu ne, da kayan fareti a jikinsu, suna murnar tashin Ubangiji. Ba mu san kalmar da za ta isa wannan baƙin ciki ba. Amma a wannan dare kuma, taron da ya fusata ya kashe direban motar da wanda ke tare da shi. Kun ga yadda su biyun suka zo tare? Tsakanin gwajin da jarabar ba a ɗau lokaci ba. Ba muna zaune a kujerar shari'a ba ne a kan waɗanda suka ga gawar ƙannensu a kan titi. Muna faɗin abin da Yakubu ya faɗa ne a ƙasa kaɗan, a aya 20, cewa fushin mutum ba ya haifar da adalcin da Allah ke so. Jinin mutum biyun bai dawo da yaro ko ɗaya ba, ya kuma rufe bakin da ya kamata ya amsa tambayoyi a gaban alƙali. Romawa 12:19 ta ce mu bar ramuwa a hannun Allah. Wannan ba ya hana mu neman shari'a da dukan ƙarfinmu, mu rubuta, mu je kotu, mu matsa wa hukuma. Abin da ya hana shi ne mu ɗauki dutse.

Irin wannan amsa ba a ƙirƙiro ta a lokacin da jini ke tafasa. Tun kafin ranar ake shirya ta, a teburin gida, a ajin Lahadi, a irin maganar da Baba ke yi game da maƙwabta in ya ɗauka yara ba sa ji. Mutane da yawa sun ga faifan da aka ɗauka na Rabaran Lawan Andimi na Michika a hannun 'yan Boko Haram a watan Janairu 2020, kafin su kashe shi. Ya yi magana a natse, bai zagi kowa ba, ya miƙa al'amarinsa ga Allah. Ba a daji ya koyi wannan ba. Da shi ya shiga.

Me za mu roƙa?

In wuya ta zo, addu'armu ta farko ita ce Allah ya ɗauke ta. Ba laifi, Yesu ma ya roƙa haka a Getsamani. Amma ku lura da abin da Yakubu ya ce a roƙa a aya 5: hikima. Me ya sa hikima? Domin mai shan wuya ba ya gani sosai. Yana bukatar idon da zai raba masa gwaji da jaraba, ya san wanne zai tsaya a ƙarƙashinsa, wanne zai guje masa. Mu kuwa mun saba juya su. Mukan gudu daga gwajin da ya kamata mu jure, mu zauna muna hira da jarabar da ya kamata mu guje wa. Yusufu ya zauna a kurkuku shekaru, amma a ɗakin matar Fotifar ko rigarsa bai tsaya ɗauka ba. Kuma aka ce Allah yana ba da wannan hikima hannu sake, ba ya gori. Ba zai ce maka, "Kai ne kuma yau?" ba.

A 1 Korantiyawa 10:13 an yi mana alkawari cewa ba za a bar jaraba ta fi ƙarfinmu ba, tare da ita kuma akwai ƙofar fita. Mun lura cewa sau da yawa wannan ƙofa mutum ce. Mudu biyu na masara da Zumuntar Mata suka kai wa gwauruwa ranar Alhamis, shi ne ya hana ta amsa kiran mutumin da ke mata alkawarin kuɗin makarantar yara. Dattijon da ya ɗauki saurayi ya kai shi wurin mai gyaran babur ya koyi sana'a, shi ne ya raba shi da 'yan ƙwaya. Ɗan'uwan da ya kwana a asibiti tare da mahaifin yaro marar lafiya, shi ne ya sa ba a ɗauki yaron an kai wa boka ba. Shi ya sa wannan Yakubu da ya ce a yi murna cikin gwaji, shi ne kuma ya ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye (1:27), ya kuma tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi komai ba (2:15-16). Wanda bai kai mudu ba, kada ya kai aya ta 2.

Kai kuma da ke cikin wutar yanzu, wataƙila kana jin wannan a kwance, ko a ɗakin da aka bar ka kai kaɗai, ba mu ce ka yi dariya ba. Faɗa wa Ubangiji yadda abin yake, da harshen da uwarka ta koya maka, ba sai da Hausa ko Turanci ba. Ibraniyawa 4:15 ta ce Babban Firist ɗinmu an gwada shi ta kowace hanya kamar mu, bai kuwa yi zunubi ba, don haka ya san nauyin buhun. Sa'an nan ka nemi mai bi ɗaya da ka amince da shi, ka gaya masa abu biyu: wahalar da kake ciki, da kuma abin da wahalar ke raɗa maka ka yi. Na biyun ya fi wuyar faɗa, mun sani. Aya 12 ta yi alkawarin rawanin rai ga wanda ya jure, kuma ba ta ce ga masu ƙarfi ba, ta ce ga masu ƙaunarsa.

A darasi na gaba za mu ɗauko daga aya 19, a kan saurin ji da jinkirin magana. Kafin nan, a karanta Farawa sura 39 da sura 50 a sujadar iyali, a bar yara su nuna da kansu inda gwajin Yusufu yake da inda jarabarsa take.